Ƙasar da Goggo Tabitha Ta Zaɓa

Aljiyas, 9 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Yaya Suhail,

Ina raye, kuma ban ji ciwo ba. Ginin da muke kwana a Bumardas ya tsage daga sama har ƙasa, amma bai faɗi ba. An kwashe mu baƙin ɗalibai zuwa wani masauki a nan babban birni. Na sa wannan gaba da gaisuwa ne don na san shi za ka fara nema.

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Naila da yara. Yaya Samaru, yaya aiki? Na san za ka ce sai da ƙasa ta girgiza Lovelyn ta tuna tana da ɗan'uwa. Gaskiya ne, amma kakarka Hajiya Zubaidatu da kakana Elias ciki ɗaya suka fito, don haka ina da ikon in dame ka duk ranar da na ga dama.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan girgizar mun bi wata mota kai ruwan sha wani ƙauye a bakin kogin Isar. A can na ga ƙasa ta dare, ga kuma tulin rairayi ƙanana barkatai, kowanne da rami a tsakiya kamar gidan tururuwa. Mutanen wurin sun ce ta nan ruwa da yashi suka riƙa tsartuwa sama. Wani injiniya ya ce mana ƙasar wurin ta zama ruwa na ɗan lokaci. Ya nuna mana hotunan Turkiyya, bene sukutum ya kishingiɗa gefe guda, ko gilashin taga bai fashe ba.

Yaya, na damƙi rairayin nan a hannuna. Irinsa ne a bayan filin Mama a Sabon Gari, wajen rafin Kubanni. Muna yara mukan yi ta tsalle a kai har ruwa ya taso mana tsakanin yatsu.

Ka san tun da Mama ta bar koyarwa take gini a wurin. Ƙasa ajujuwan ƙananan yara ne, har an fara karatu a biyu. Sama kuma nan za ta zauna. An kusa kaiwa ga zubin dekin, wato rufin kankare da benen zai zauna a kai. Na rubuta mata kada a zuba sai na ce, kuma za ta saurara, don kullum cewa take gidan nawa ne, ita riƙo take yi. Kai ne kake ɗakin gwajin ƙasa. Ka taimaka ka gwada mini ita.

Adireshina na intanet na makaranta ne, ya mutu tare da ginin. Layin Najeriya kuma ba ya shiga daga nan. Sai dai ta gidan waya.

Ƙanwarka,
Lovelyn

Samaru, 4 ga Yuli, 2003

Ƙanwata Lovelyn,

Takardarki ta iso, mun yi hamdala. Rediyo ta ce mutum sama da dubu biyu suka rasu, Allah ya ji ƙansu, ya ba ku haƙurin abin da kuka gani. Naila da yara lafiya lau. Ni ne dai ba lafiya ba. Ɗan acaɓa ya kayar da ni a Kwangila, ƙafar hagu ta karye, an yi ɗori. Da sanda nake zuwa wurin aiki, kuma an hana ni hawa komai mai taya biyu.

Zan faɗa miki abin da na sani da abin da ban sani ba.

Zariya ba ƙasar girgiza ba ce. Dutsen da ke ƙarƙashinmu tsoho ne, ya daɗe da natsuwa. An sha jin motsi kaɗan a kudu maso yamma, amma ban taɓa karanta rahoton wata babbar girgiza a nan ba. Wannan bai zama alkawari ba, tarihi ne kawai, kuma tarihin aunawa a ƙasar nan gajere ne.

Abin da kika gani kuma sananne ne. Ƙwayoyin yashi jingine suke da juna, su ke ɗauke da nauyin gini, ruwa yana zaune a tsakaninsu. In yashin sako-sako ne aka jijjiga shi, ƙwayoyin sai su nemi matsewa, ruwan ya rasa hanyar fita da sauri, nauyin ya koma kansa. A wannan lokacin ƙasa ta tsinke ke nan, kamar kunun da ya kwana. Abu uku ake bukata: yashi mai laushi, rashin danƙarewa, da ruwa kusa. In ɗaya ya rasu, ba ta tsinkewa.

Ba mu da injin da manyan ƙasashe ke gwada wannan da shi. Muna da rariya kala-kala na tankaɗe ƙasa, da ma'auni, da tanda. Akwai kuma wani akwati mai gefen gilashi da muka ɗora a kan tayoyi, muka haɗa shi da tsohon injin niƙa mai jijjiga shi. Ana cika shi da ƙasa da ruwa, a ɗora bulo, a kunna. Ɗalibai suna kiransa Mai Markaɗe. Ba ya ba da hukunci, amma yana nuna hali.

Tun da ba na iya zuwa, na aika Malama Chinwe, maƙwabciyarmu da ke koyarwa a Sabon Gari, ta gaya wa Mamanki, Goggo Tabitha, a ɗebo mini ƙasar filin bokiti biyu, daga can ƙasan rami.

Yayanki,
Suhail

Samaru, 28 ga Yuli, 2003

Lovelyn,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ƙafa da sauƙi, ruwa kuma ya zauna sosai bana.

Goggo ta aiko da ƙasar. Bokitai biyu ne sababbi, masu murfi, an ɗaure kowanne da tsumma fari, a kai kuma ga ƙullin daddawa da soyayyiyar gyaɗa. Abokan aikina sun ɗauka kayan biki ne.

Na tankaɗe, na auna, na sa a akwati. Jar ƙasa ce mai tsakuwa da ɗan yumɓu. Ta danƙare da kyau. Na jiƙa ta sharkaf, na kunna injin har bel ya yi zafi, bulo bai motsa ba. Ƙasar da aka kawo mini ba ta tsinkewa, kuma za ta ɗauki bene.

Sai dai ba irin wadda kika kwatanta ba ce, ba kuma irin wadda nake tsammani daga bakin Kubanni ba. Yana yiwuwa filin ya fi tudu fiye da yadda kike tunawa. Da zarar an kwance ɗori zan je in gani da idona.

Suhail

Aljiyas, 25 ga Agusta, 2003

Yaya Suhail,

Takardunka biyu sun zo tare a rana ɗaya. Sannu da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Amma Yaya, babban malami kamarka a bayan acaɓa? Ka gaya wa Anti Naila na ce ta ɓoye makullin ƙofa.

Na karanta ta biyun a tsaye a bakin ofishin masauki. Da na kai inda ka ce za ta ɗauki bene sai na zauna a kan matakala. Tun watan Mayu ban yi barci mai daɗi ba sai wannan makon. A nan har yanzu ƙasa tana ɗan motsawa lokaci-lokaci, kowa ya ruga waje, a dawo ana dariyar wanda ya fita ba takalmi.

Na riga na rubuta wa Mama a zuba. Na ce mata Yaya ya gwada, ƙasa lafiya lau. Ka san yadda take son benen nan. Tun Baba yana aikin reluwe take cewa wata rana za ta zauna a sama ta ga shigowar jirgi ba tare da ta leƙa ta katanga ba.

Ana cewa za a mayar da mu Bumardas a sa mu a gidajen katako kafin a koma karatu. Ba a faɗi rana ba.

Na gode ƙwarai. Daddawar ka ci, ladanka ce.

Lovelyn

Samaru, 14 ga Satumba, 2003

Lovelyn,

Muna lafiya, an kwance ɗori. Takardarki ta 25 ga Agusta ta same ni. Ina roƙonki ki karanta wannan har ƙarshe, a zaune.

Ƙasar da na gwada ba ta filin ba ce.

Jiya na je gaida Goggo. Ta karɓe ni da kyau, ta zaga da ni ginin. Kafinta ya gama ɗaure katako, an shimfiɗa rodi. A bayan ajujuwa akwai sabuwar rijiya, ruwanta bai fi tsawon hannuna daga baki ba. Gefenta tulin abin da aka haƙo ne, rairayi fari-fari mai laushi, da ɗan baƙin laka mai wari. A bakin ƙofa kuma ga ragowar jar ƙasa.

Na ce, "Goggo, wadda kika aiko mini daga ina aka ɗebo?"

Ta nuna ta bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan mana. Tifa ce ta kawo daga wajen Zabi, da ita aka yi ciko. Ni da kaina na tsaya aka zaɓo maka mai kyau, na tsince ciyawa."

Na ce, "Ai ta ƙasan rami na ce."

Ta ce, "Chinwe ta faɗa. Na leƙa ramin na ga abin da ke ciki. Haba Suhailu. Shekara nawa rabon da wani abu ya fita daga gidan nan zuwa gidanku, sai in tashi in aika maka da laka mai wari, a kai maka har ofis gaban mutane? A ce daga gidan Elias? In za a kai wa mutum hatsi ai ba na ƙasan rumbu ake kwasa ba."

Ban yi mata gardama ba. Abin da ta yi daidai ne a kowace harka ban da wannan.

Na yi mata bayanin cewa cikon bai wuce gwiwa ba, harsashin ginin kuma a kan rairayin yake zaune. Ta saurara har na gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da takardarki. Ta ce mai gida ta ce a zuba. Ta kuma riga ta kai goro da sanarwa coci, an sa gayya ranar Asabar 18 ga Oktoba. Matan zumunta za su yi girki su ɗebo ruwa, matasa su ɗauki kwanon sarki, har 'yan ƙungiyar mawaƙa daga Basawa sun ce za su zo. An karanta sanarwar daga bagade. Kin fi ni sanin abin da janye irin wannan yake nufi a wurinta.

Ni ba ni da bakin hanawa a gidan. Ni ɗan ɗan'uwa ne na nesa, wanda sai jiya ya san launin ƙofar. Ke ce kika ce a zuba, ke ce za ki ce a dakata. Ki rubuto mata da gaggawa.

Na ɗebo rairayin da hannuna, daga rijiya da kuma wani rami da na sa aka haƙa a gindin bango.

Suhail

Samaru, 2 ga Oktoba, 2003

Lovelyn,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ban ji daga gare ki ba, Goggo ma haka. Ban sani ba ko kin samu ta 14 ga Satumba, ko kin samu kin yi fushi.

Rairayin ya cika sharuɗɗa biyu cikin uku. Ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma kusan girmansu ɗaya, ruwa kuma yana kusa. Na uku, wato yadda ya danƙare a can inda yake, ba a sanin wannan daga bokiti.

Na gayyaci Goggo ta zo ta gani. Ta zo ranar Talatar makon jiya da shugabar zumunta, Mama Winifred, dukansu da anko, kamar masu zuwa duba mara lafiya. Na zuba rairayin a akwati, na sa ruwa daidai yadda yake a rijiyarta, na ɗora bulo. Da na kunna, saman ya yi ƙyalli, ruwa ya taso, bulon ya karkata ya nutse har rabi.

Mama Winifred ta ce, "Yesu!" ta ja da baya. Goggo ba ta motsa ba.

Ta ce, "To na gani. Wa zai zo ya markaɗa mini Sabon Gari haka?"

Na ce mai yiwuwa babu kowa, har abada. Na ce ban zo in tsorata ta da girgizar ƙasa ba, don ban yi tsammaninta ba. Amma yashin da ya yi haka a akwati, in sako-sako ne a ƙasa, yana iya zaunawa a hankali a ƙarƙashin nauyin bene ko ba girgiza, gefe ɗaya ya fi ɗaya, musamman da damina, ga manyan motoci suna wucewa. Na kuma gaya mata ni na zuba shi a akwatin da hannuna, wataƙila na ƙasan ya fi wannan ƙarfi.

Mama Winifred ta ce, "Wato dai ba ka sani ba."

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Mama."

Ta ce, "Mu kuwa mun riga mun jiƙa gero."

Goggo ta ce in sake shirya akwatin. Na sake. Ta ɗauko bulo na biyu da kanta ta ɗora a kan na farko, ta ce, "Wannan ni ce. Na ƙasan yara ne. Kunna." Na kunna. Kin san abin da ya faru, sai dai ya fi sauri.

Ta wanke hannu a famfo, ta tambayi lafiyar Naila, suka tafi. Ba ta ce an fasa ba. Ranar Lahadi an sake karanta sanarwar.

Akwai gwajin da ake yi a filin kansa. Ana kafa ƙarfe mai ƙafa uku, a huda rami, a riƙa buga bututu cikin ƙasa da guduma mai nauyi, ana lura da yawan bugun da yake sha kafin ya shiga. In ya shige da bugu kaɗan, ƙasa sako-sako ce. Wani abokin karatuna a Kaduna, Injiniya Oluwole, yana da kayan. Ya ce zai ba da aro, amma injin da ke ɗaga gudumar ya lalace, sai dai a ja da igiya, kuma ba shi da mutane.

Suhail

Bumardas, 9 ga Oktoba, 2003

Yaya,

Jiya takardarka ta 14 ga Satumba ta zo hannuna. An dawo da mu Bumardas, ita kuma ta yi ta zama a tsohon masauki sai da wata 'yar Mali ta je ɗaukar kayanta ta gan ta. Lafiyata ƙalau, ban da wannan.

Na ɗauko ta 28 ga Yuli na sake karantawa. Ka rubuta cewa ƙasar ba irin wadda na kwatanta ba ce, za ka je ka gani. Layin yana nan. Ni na tsaya a wanda ke samansa. Amma kai ma Yaya, wa ke rubuta wa mutumin da ƙasa ke motsi a ƙarƙashinsa cewa za ta ɗauki bene, sannan ya sa "sai dai" a sakin layi na gaba? Wannan rubutun rahoto ne, ba na ɗan'uwa ba.

Na yini a wurin buga waya ina neman lambar shagon Chinelo da ke kusa da Mama. Bai shiga ba. Gobe zan koma.

Ga takarda a ciki zuwa ga Mama, na ce a dakata. Na lissafa, ba za ta iso kafin 18 ga wata ba. In haka ne, ka je ranar. Kada ka ce ba ka da baki. Wanda aka tsince wa ciyawa daga cikin ƙasa don kada ya ji kunya a ofis ba baƙo ba ne a gidan.

A nan makarantun yara a tantuna suke karatu. Kullum ina wuce ɗaya.

Lovelyn

Samaru, 29 ga Oktoba, 2003

Ƙanwata Lovelyn,

Gaisuwa mai yawa. Mun ɗauki azumi, kowa lafiya. Takardarki ta iso shekaranjiya, na kai wa Goggo tata da kaina. Ta karanta ta ce, "Ta makara, kamar ubanta." Maganarki a kan sakin layi na karɓa.

Ba a zuba dekin ba. An kuma yi gayya.

Ana saura kwana kaɗan Goggo ta aiko Malama Chinwe ta tambaye ni, gudumar abokin nan nawa, mutum nawa take ci. Na ce a riƙa canji, ko mutum nawa aka samu. Ta ce in gaya masa ya zo ranar Asabar.

Da safe mutane suka cika filin, ga kwanon sarki, ga shebur, ga tukwane a kan wuta. Goggo ta hau kan tulin tsakuwa ta ce, "Jama'a, na kira ku aiki, kuma akwai aiki. Yau ba sama za mu hau ba, ƙasa za mu tambaya. Wannan ɗana ne Suhailu, jikan Zubaidatu ƙanwar Baba Elias. Abin da ya ce a ja, a ja."

An yi gunaguni. Birkila ya ce shi ya gina rabin layin nan ba wanda ya faɗi. Goggo ta ce masa rabin layin nan ba bene ba ne. Wani dattijo ya tambaya ko tuwon ma an ɗage shi. Mama Winifred ta ce wanda bai ja igiya ba ko ƙanzo ba zai gani ba. Daga nan aka kama.

Matasa suka yi layi a kan igiya, mawaƙan Basawa suna ba da amo, a ɗaga a saki. Oluwole ya ce bai taɓa aiki da ma'aikatan da ke bugu a kan kiɗa ba, sai da ya roƙe su su rage sauri don ya iya ƙirgawa. An huda rami uku kafin la'asar. Na yi salla a ajin 'yan shekara huɗu, Goggo ta sa aka share mini wuri.

Ga abin da aka samu. Ramin gaba, wajen titi, ƙasa ta yi tauri da wuri. Ramin baya, wajen rijiya, bututun ya yi ta shigewa da bugu kaɗan har zurfin da ya wuce tsawon mutum biyu. Na tsakiya bai fito fili ba, bututun ya ci karo da wani abu mai tauri, ko dutse ne na gaske ko guntun marmara, ba mu tabbatar ba. Oluwole ya tafi da abin da aka ciro Kaduna.

In dutse ne, ana iya ƙarfafa ginshiƙan baya a yi benen a rabin gaba. Na auna, daga nan ma ana hango layin dogo. In ba dutse ba ne, sai a kwance katako a yi rufin kwano, Goggo ta zauna a ƙasa kusa da ajujuwa. Na faɗa mata duka biyun. Ta ce ta ji.

Kafinta yana son katakonsa kafin Kirsimeti. Yara sun koma karatu a ajujuwan gaba kawai. Katakon yana nan a ɗaure, rodi a shimfiɗe, an rufe siminti da leda. Oluwole ya ce sakamakon ramin tsakiya zai fito bayan salla.

Yayanki,
Suhail